Jikin Jaguar, injin Chevrolet: cinikin wata XJ6 ta gado

Mu ɗauki mota ɗaya mu bi cinikinta daga tallar farko har miƙa makulli. Jaguar XJ6 ce ƙirar 1985, mai ƙofa huɗu, daga cikin waɗanda aka kai kasuwar Amurka, kuma a can take. Mai ita ya rasu ya bar ta a gareji, magada suka wakilta babban ɗansa ya sayar a raba kuɗin. Daga waje ba ta da makusa: fenti bai dushe ba, fatar kujeru ta yi laushi amma ba ta yage ba, katakon dashbod yana sheƙi. Sai an ɗaga bonet ake ganin inda gizo ke saƙa. Injin da ke ciki ba na Jaguar ba ne, na Chevrolet ne mai silinda takwas da kafireto a kansa, giyar ma ta General Motors ce. Marigayin ne ya sa aka yi aikin tun ɗan yana makaranta. Abin da ɗan ya sani game da shi bai wuce maganar da ya sha ji a bakin mahaifinsa ba, wai injin 350 ne, wato na Chevrolet mai lita 5.7, kuma tun da aka sa shi motar ba ta sake ajiye shi a hanya ba.

Dalilin da ya sa aka canza

XJ6 ta fara fitowa a 1968, ita ce mota mai ƙofa huɗu ta ƙarshe da Sir William Lyons, wanda ya kafa Jaguar, ya tsaya a kan zanenta. Zubi na uku, wanda wannan take ciki, ya fara a 1979 bayan kamfanin zanen motoci na Italiya, Pininfarina, ya gyara rufi da gilasai. Masu silinda shida sun ƙare a 1987, masu goma sha biyu suka kai 1992. A wannan zubin kaɗai an ƙera sama da 130,000. Adadin ya shafi mai sayarwa kai tsaye, don yana nufin motarsa kyakkyawa ce amma ba mai wuyar samu ba ce. Wanda bai gamsu da ita ba zai ga wata gobe.

Injinta na asali shi ne XK mai lita 4.2, zuriyar injin da ya bayyana a XK120 a 1948 ya kuma ci tseren Le Mans sau biyar a shekarun 1950. Inji ne mai daraja, sai dai ba ya yafe sakaci. Kansa na alminiyon ne, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe, dogayen ƙusoshin da ke riƙe kan kuma ta cikin hanyar ruwa suke bi. In aka bar ruwan lagireto ya tsufa, tsatsa ta ci su. In motar ta tafasa sosai, gasket ya ƙone, wani lokaci kan ya lanƙwashe. A lokacin da waɗannan motoci suka tsufa suka yi arha, gyaran injin yakan kai kuɗin motar ko ya zarce. Injin Chevrolet kuwa, wanda 350 ɗinsa mai lita 5.7 ya fito tun 1967, ko'ina a Amurka akwai shi, kowane bakanike ya san shi, kayansa suna kowane shago. Har kamfanoni suka tashi musamman don sayar da mazaunin inji da sauran kayan haɗin, irin su John's Cars da ke Dallas. Masu kare wannan aiki sukan tuna wa mutane cewa Jaguar da kanta ta riga ta ari kaya daga General Motors: kwamfuresar na'urar sanyi da famfon sitiyarin XJ6 nasu ne, masu silinda goma sha biyu kuma da giyar General Motors mai suna TH400 suke fitowa. Gaskiya ne, amma ba ya sauya ra'ayin kowa a ranar ciniki.

Tallar farko

Ɗan ya yi abin da kusan kowa zai yi. Ya buɗe jadawalin farashi na Hagerty, kamfanin inshorar tsofaffin motoci, ya ga an kasa motoci mataki huɗu bisa lafiyarsu, ya sa tasu a mataki na biyu daga sama saboda kyan fenti. Sannan ya tuna mahaifinsa ya kashe kuɗi mai yawa a kan injin, ya ƙara wani abu a kai. A tallar ya yi dogon bayani kan fata da katako da tayoyi. Maganar inji sai can ƙasa, layi ɗaya. Hotuna duk na waje ne da cikin ɗaki, babu na ƙarƙashin bonet ko ɗaya.

Kuskure biyu ne a haɗe. Jadawalin na motocin da suke yadda suka fito daga masana'anta ne, wannan kuwa ta fita daga sahunsu. Kuɗin da aka kashe wajen canjin kuma marigayin ya riga ya ci amfaninsa a shekarun da ya yi yana hawa lafiya. Mai saye ba ya biyan wani tsohon rasit.

Waya ta yi ta ƙara, ciniki bai faɗa ba. Masu son Jaguar don Jaguar suna jin sunan Chevrolet suke yin sallama, wani ma da ya yi doguwar tafiya ya zo ya ga injin ya koma ransa a ɓace, da hujjarsa. Masu son ƙarfin inji suka zo suka ga kafireto da tsohon ƙarfe, suka taya da kuɗin da bai wuce na injin da giyar ba, kamar sauran motar kyauta ce. Akwai kuma mutanen da tsohuwar mota mai kyau kawai suke so. Su tambayarsu ɗaya ce, in ta lalace wa za a kai wa? Ɗan ba shi da amsa, don bai san wayar da ta fito daga Ingila ba balle wadda aka ƙara a Amurka.

Lambar bayan inji

Wanda ya juya lamarin bai ma sayi motar ba. Wani ne ya kira daga Kalifoniya, bai tambayi launi ko fata ba, ya ce a karanto masa lambar da aka zuba tare da ƙarfen injin, a baya ta ɓangaren direba, dab da inda giya ta haɗu da shi. Dalilinsa shi ne injin 305 mai lita 5.0 da 350 kamanninsu ɗaya daga waje, bambancin yana faɗin silinda, kuma an sha sayar da ƙaramin da sunan babban. Ɗan ya haska da fitila ya goge maiƙo, ya karanto 3970010. Wannan lamba sananniya ce: gangar inji mai faɗin silinda inci 4, mafi yawansu 350, waɗanda aka zuba daga wajen 1969 zuwa ƙarshen shekarun 1970. Maganar marigayin ta tabbata, ba 305 ba ne. Amma lambar ta fito da abin da ba a nema ba, wato injin ya girmi motar.

A Kalifoniya wannan ya kashe cinikin. Motar fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba a gwada hayaƙinta a can, amma daga 1976 zuwa sama dole ne. In an canza inji, sai ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, da dukan na'urorinsa na tace hayaƙi, sannan a kai wa alƙalin gwaji na jiha ya duba ya manna shaida. Injin shekarun 1970 mai kafireto a cikin motar 1985 ba shi da hanyar wucewa. Mutumin ya yi godiya ya ajiye waya. Wasu jihohin suna yafe wa motar da ta kai wasu shekaru, wasu ba sa gwajin sam, ko da yake dokar tarayya ta tsabtar iska ta hana cire na'urorin tace hayaƙi ko jiha tana dubawa ko ba ta dubawa. Da ma wani daga ƙetare zai nema, can ma da sauran magana. A Birtaniya motar da ta shekara 40 tana samun sassauci daga gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, sai fa in an yi mata babban sauyi cikin shekaru 30 da suka wuce, kuma bambancin yawan silinda yana cikin abin da ake dubawa. A Jamus lambar H ta tsofaffin motoci tana buƙatar shekara 30 da kuma kasancewa kusa da asali ko da gyaran da ya dace da zamaninta. Ke nan kafin a yi maganar kuɗi, wurin zaman mai saye ya riga ya rage yawan masu iya saye.

A nan ne ƙanwarsa ta kawo shawara. "Yaya, me zai hana a nemo injin Jaguar a mayar mata?" Tunani ne mai kyau a baki. Da aka lissafa, ba inji kaɗai ake buƙata ba. Sai an nemo tsohuwar giyar BorgWarner mai hawa uku, da kwamfutar injekta da ma'aunin iskarta, da wayoyin da aka yanke tun tuni, da salansa, da farfela, da famfon mai mai ƙarfi. Bayan duk wannan wahala, lambar injin ba za ta dace da ta ranar da motar ta fito ba, don na asalin ba a san inda ya shiga ba. Da E-Type ce, shahararriyar motar Jaguar mai ƙofa biyu, wadda tazarar farashi tsakanin ta asali da wadda aka taɓa take da girma, da lissafin zai iya fita. A XJ6 ba ya fita. An kuma duba yiwuwar kwance ta a sayar da inji daban, kujeru daban, gilasai daban. Wataƙila jimlar ta ɗan fi, amma sai an sami fili da haƙurin shekara, magada kuwa rabo suke jira.

Abin da bakanike ya gani

Ɗan ya janye tallar ya kai motar wurin bakaniken da ya saba da tsofaffin motoci, ya ce a duba ta kamar shi ne zai saya. Wannan shi ne kuɗi mafi amfani da aka kashe a lamarin gaba ɗaya.

Aikin ƙarfe ya fito da kyau. Mazaunin injin na kamfani ne, ba walda ce ta gefen titi ba. An gajarta farfela an daidaita ta, mota ba ta rawa a guje. Matsin silinda takwas ɗin ya zo kusa da juna, baƙin mai yana hawa yadda ya kamata ko inji ya yi zafi. Giyar 700R4 ce, mai hawa huɗu, wadda General Motors ta fito da ita a 1982, kuma ita ce ainihin ribar canjin. A hawanta na huɗu juyi 0.70 kawai inji yake yi a kowane juyi ɗaya na farfela, saboda haka a babbar hanya juyin injin yana raguwa da kusan kashi 30 cikin ɗari a kan yadda zai yi da giya mai hawa uku. Motar tana tafiya shiru, wanda shi ne abin da ake sayen Jaguar dominsa tun farko. Sai dai wannan giya tana da wata waya da ke tashi daga kafireto tana gaya mata nawa aka taka totur, da ita take saita ƙarfin man cikinta. In wayar ta saki, giyar tana ƙonewa a hankali ba tare da ta yi ƙara ba. An same ta ta ɗan saki, man giya bai yi baƙi ba tukuna, aka saita.

Ƙananan abubuwan ne suka nuna inda mai aikin ya gaji. Mitar juyin inji an yi ta ne don silinda shida, mai ba da tartsatsi uku a kowane juyi. Mai takwas huɗu yake bayarwa, don haka in inji yana 2,000 allurar tana nuna kusan 2,670. Shekara da shekaru haka take. Mitar zafi an haɗa ta da ma'aunin Chevrolet wanda bai dace da ita ba, allurar ba ta taɓa kaiwa tsakiya ba, a motar da zafi ne ya kashe injinta na farko. 'Yar kwamfutar dashbod mai lissafin shan mai ta mutu, don daga injekta take samun bayani, injekta kuwa babu. Da aka gwada mitar gudu da GPS na waya sai aka ga tana ragewa, wanda ke nufin lissafin tafiyar da motar ta yi ma ƙasa yake da gaskiya tun ranar da aka canza giya. XJ6 tankuna biyu gare ta, hagu da dama, da maɓalli a dashbod. Bawul ɗin da ke sauya su ya maƙale, man tanki ɗaya ya tsufa a ciki, tiyoyin da ke cikin but sun tsattsage, warin fetur yana shiga ɗaki. A bayan batir kuma ga dunƙulen wayoyi an naɗe da salatif, babu wanda ya san inda kowace ta nufa.

Sauran matsalolin ba ruwansu da canjin inji, na kowace XJ6 ne. Birkin baya a ciki yake, kusa da tsakiyar aksul, kuma in za a yi masa babban aiki sai an sauke ƙafar bayan gaba ɗaya. Ɗaya gefen ya fara jiƙewa. Na'urar sanyi ba ta sanyi. A ƙasan gilashin gaba fenti ya ɗan kumbura, alamar tsatsa a wurin da ta saba kama waɗannan motoci. Amma ƙasan motar, da dokin ƙofofi, da inda hannun aksul ya kama jiki duk lafiya lau. Bakaniken ya nuna masa cewa dukiyar tana nan. Inji ana sayensa a ɗora, jikin da bai ruɓe ba kuwa ba a ƙera shi kuma.

An gyara abin da zai tsorata mai saye a zagayen gwaji ko ya jawo gobara: tiyoyi da bawul ɗin mai, mitar zafi, mitar juyi, da wayoyin, waɗanda aka warware aka sa wa kowace suna aka zana taswirarsu a takarda ɗaya. Birkin baya da na'urar sanyi da tsatsar gilashi an bar su, aka karɓi rubutaccen kiyasin gyara daga bakaniken. A ganina rabon ya yi daidai. Babban gyara gab da sayarwa ba kasafai yake mayar da kuɗinsa ba, kuma mai sayen irin wannan mota ya fi son ya yi shi da hannun wanda ya yarda da shi.

A cikin wannan tsakani aka tsinci kwali a garejin marigayin. Rasit ɗin kayan haɗin na ciki, da littafin umarninsu, da takardar wurin da ya sake gina injin, da wani ɗan littafi da ya riƙa rubuta canjin baƙin mai. Takardar sake ginin ta warware wani abin da ya ɗaure wa bakaniken kai: haruffan da ake bugawa a gaban injin sun shafe, ashe goge fuskar ƙarfen da aka yi a lokacin ne ya tafi da su. Ba don takardar ba, mai saye mai zargi zai iya ɗauka da gangan aka kankare.

Talla ta biyu da ciniki

Sabuwar tallar ta fara da injin tun daga kanun magana. Sakin layi na farko ya faɗi lambar ƙarfen, da irin giyar, da cewa injin ya girmi motar, da cewa ba za ta ci gwajin hayaƙi a Kalifoniya da jihohi masu irin dokarta ba. An rubuta cewa ba a san ainihin tafiyar da ta yi ba, aka faɗi dalili. Hotuna suka haɗa da ƙarƙashin bonet, da ƙasan mota a kan ɗaga, da kumburin tsatsar kusa-kusa, da takardun a shimfiɗe. Aka sa bidiyon tayar da ita da safe inji na sanyi, da hannu a kan salansa tukuna don a ga ba a ɗumama ta ba. Farashi ya sauko ƙasa da na XJ6 mai injinta na asali mai lafiya irin wannan, ya tsaya sama da na wadda injinta ya mutu take jiran mai ceto. Tsakanin waɗannan biyun ne gurbinta, kuma takardu da ingancin aiki su ne suke matsar da ita sama ko ƙasa a ciki.

Masu kira suka ragu sosai, har magada suka fara ƙorafi. Amma waɗanda suka kira sun san abin da suke nema. Wanda ya saya dattijo ne da ya taɓa riƙe XJ6 mai injin asali, yana son zamanta da tafiyarta, ba ya son ya sake zama da fargabar allurar zafi, kuma yana zaune a inda ba a gwada motar da ta kai wannan shekaru. Ya zo da bakanikensa. Sun fi daɗewa a ƙarƙashin motar da kan taswirar wayoyi fiye da a kujerar direba. Da ya zo tayi, bai taɓa maganar cewa injin ba na Jaguar ba ne, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Kiyasin birki da na na'urar sanyi ya ɗauko ya ce a cire masa duka. Ɗan ya ce farashin da ya sa ya riga ya yi la'akari da su. Suka daidaita a kan cire na birki, tunda lafiyar tuƙi ce, na sanyi kuma mai saye ya ɗauka.

Abin da aka samu bai kai farashin tallar farko ba, bai ma yi kusa ba, amma ya ninka tayin masu son inji kaɗai. Ɗaya daga cikin magadan bai ji daɗi ba, ya ce ya ga an sayar da XJ6 a shafin gwanjon motoci na Bring a Trailer da kuɗin da ya fi haka nesa. Da aka buɗe aka duba, waccan mai injinta ce na asali, tafiyarta kaɗan, kuma da tarihin gyaranta tun daga dila.

A takardar ciniki an rubuta lambar shasi mai harafi da lamba 17, wadda ta fara da SAJ kamar sauran Jaguar, an rubuta lambar injin da irin giyar, da cewa babu na'urorin tace hayaƙi na asali, da cewa mitar tafiya ba daidai take ba, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Takardar mallaka a Amurka da lambar shasi take tafiya, don haka canjin suna bai ba da wahala ba, sai dai an haɗa da takardar kotu da ta ba ɗan ikon sayar da kayan marigayin. Mai sayen ya kira kamfanin inshorarsa tun kafin ya tayar da motar, ya gaya musu injin da ke ciki, suka amince da ƙimarta a rubuce, don inshorar da ba a sanar da ita canjin inji ba tana iya ƙin biya ranar da aka yi hatsari. Ɗan ya sanar da ofishin rajistar motoci cewa ta bar hannunsu, ya soke tsohuwar inshorar, ya miƙa kwalin takardun tare da makullai.